Da Wane Mudu A Ke Auna Juriya?

Na san wani zai ga kan maganar nan ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da sha'anin asibiti? Ai da sai ya tsaya kan karin magana da salon waƙa, ya bar wa 'yan sashen likitanci nasu. To, larura ce ta kawo ni, ba shisshigi ba. Bari in fara da faɗin yadda aka yi, sa'an nan mu shiga tarihin.

Ina da yaya mace, malamar makarantar firamare ce, ita ta goya ni. Shekara biyu da suka wuce sai muka ga ta sake. Ba ta barci, abinci sai an matsa mata, ta daina zuwa biki da suna, in ta dawo daga makaranta sai ta shige ɗaki ta saki labule. A gida aka yi ta cewa tunani ne ya yi mata yawa, ta yi haƙuri. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne. Aka ɗora ta kan ƙwayoyi, aka kuma haɗa ta da wata ma'aikaciya da su ke zama suna tattaunawa duk bayan mako biyu. Ni ne ɗan rakiya. Kowane zuwa sai a miƙa mata wata takarda mai tambayoyi tara: yaya barci, yaya cin abinci, yaya ƙarfin jiki, ko tana jin daɗin abin da ta saba jin daɗinsa, da sauransu. Kowace amsa da makinta, daga sifiri zuwa 3. Ranar farko ta sami 21. Bayan wata huɗu ta sauko zuwa 4. Kowa ya yi hamdala, aka sallame ta. Wata bakwai bayan haka aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wata makaranta mai nisa da gida. Ba a yi mako uku ba ta koma ɗaki ta saki labule.

Takardar nan ba ta yi ƙarya ba. Ranar da ta ce 4, hakika Yaya ta sami sauƙi, ni shaida ne. Sai dai ba ta gaya wa kowa ko Yaya ta fito da wani abu a hannunta wanda za ta kare kanta da shi ran da ciwon ya sake kawo hari. Zurfin ruwa ta auna, alhali kuwa mu abin da mu ke bukatar sani shi ne ko mai ƙetarewa ya koyi iyo. Wannan ne ya tura ni laburare, na kuwa tarar ashe masana sun fi shekara talatin suna kokawa da wannan tambaya tawa.

Tunanin cewa mai baƙin ciki yana iya koyon dabarar riƙe kansa ba sabo ba ne. Akwai wani malami mutumin yankin Balkh, cikin ƙasar da yanzu a ke kira Afganistan, sunansa Abu Zaid al-Balkhi, ya rasu a shekarar 934. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar mutuwa ko hasarar dukiya, da wanda ya ke faɗo wa mutum haka kawai, wanda ya ce tushensa a jiki ya ke. Ya kuma ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana cikin lafiya, ya ajiye su kamar yadda a ke ajiye magani a gida saboda ranar da ciwo zai zo ba shiri. Farfesa Malik Badri, mutumin Sudan, ya fassara sashen littafin da ya shafi zuciya zuwa Ingilishi a 2013. Amma Balkhi bai yi ƙidaya ba. A zamaninsa ba wanda zai tambaya ya ce, tanadin nan, mudu nawa ne a rumbun wane?

Ƙidaya ta shigo ne ta ƙofar yaƙi. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, sai aka nemi hanyar gane sojan da zuciyarsa ba za ta ɗauki ƙarar igwa ba tun kafin a tura shi fagen fama. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Kolumbiya, Robert Woodworth, ya shirya tambayoyi 116 waɗanda amsarsu i ce ko a'a. Yaƙin ya ƙare kafin a mori takardar sosai, amma ta bar gado: daga nan aka yarda cewa ana iya tambayar mutum halin zuciyarsa a mai da amsar lamba.

Ciwon damuwa kuwa sai da ƙwaya ta fito ya sami nasa mudun. A 1957 wani likita a ƙasar Siwizalan, Roland Kuhn, ya ba da labarin cewa wata ƙwaya mai suna imifiramin tana ɗaga masu wannan ciwo. To, da zarar an sami magani dole a sami abin gwada shi, domin ba a iya cewa wannan ƙwaya ta fi waccan da fatar baki. A 1960 Max Hamilton na Jami'ar Leeds a Ingila ya fito da ma'auni mai abubuwa 17 waɗanda likita zai cika bayan ya zanta da majinyaci; uku daga ciki ma duk kan rashin barci ne, na farkon dare da na tsakar dare da na asuba. Shekara guda bayan haka, a 1961, Aaron Beck na Jami'ar Fensilbaniya da ke birnin Filadelfiya ya fito da nasa mai tambayoyi 21, inda majinyacin ne da kansa ya ke zaɓen jimlar da ta fi dacewa da halinsa, maki kuma daga sifiri zuwa 63. Takarda mai tambayoyi tara da aka riƙa ba Yaya jikanyar waɗannan ce, ta bazu ne bayan 2001. Dukkansu aiki ɗaya su ke yi, watau faɗin nauyin ciwo a ranar da aka yi awo.

Shi wannan Beck ɗin shi ne ya jawo tambayar da mu ke kanta, ko da ya ke ba da niyya ba. Asalinsa almajirin tafarkin Freud ne, ya kuma shiga binciken mafarkan masu ciwon damuwa da nufin ya tabbatar da maganar malamansa, cewa ciwon fushi ne da mutum ya juyo da shi kan kansa. Maimakon fushi sai ya tarar da mafarkai na rashi da faɗuwa da wulaƙanta. Da ya saurari majinyata da kyau sai ya lura akwai waɗansu tunane-tunane da ke faɗo musu farat ɗaya, ba su gayyace su ba: ni ba ni da amfani, duniya ta juya mini baya, gobe ma haka za ta kasance. Daga nan ya gina hanyar magani ta zama da tattaunawa. Ana koya wa majinyaci ya kama irin wannan tunani yana faɗowa, ya rubuta shi, ya tambaye shi hujja kamar yadda alƙali ya ke tambayar mai ƙara, ya nemi wata fassarar abin da ya faru, sa'an nan ya fita ya gwada. Har aikin gida a ke ba shi, kamar ɗan makaranta.

A 1977 Beck da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji na mutum 41, inda 19 suka bi wannan hanya, 22 suka sha imifiramin, tsawon mako 12. Suka ce masu tattaunawa sun fi samun sauƙi. An soki gwajin, domin an fara rage wa masu ƙwaya ƙwayarsu tun kafin awon ƙarshe, kuma sukar tana da ƙamshin gaskiya. Amma abin da ya fi ɗaukar hankali ya fito ne sannu a hankali cikin shekarun da suka biyo. Wanda ya warke da ƙwaya, in ya daina sha, sau da yawa ciwon yakan dawo. Wanda ya warke da tattaunawa kuwa, ko bayan an daina zama da shi, sai a ga kamar akwai wani abu da ke tsare shi. Mene ne wannan abu, kuma a ina ya ke zaune?

Amsar farko da aka bayar ita ce, ai imanin mutum game da kansa ne aka canza tun daga saiwa. Aka yi ma'aunai don a kama wannan canji. A 1978 Arlene Weissman da Beck suka shirya jerin jimloli na irin ra'ayoyin da ke sa mutum cikin haɗari, alal misali ganin cewa wanda ya faɗi sau ɗaya ya gama lalacewa. A 1980 Steven Hollon da Philip Kendall suka shirya wani mai tambayoyi 30 kan tunanin da ke faɗowa farat ɗaya. Sai ga shi a 1984 Anne Simons da abokan aikinta a birnin St. Louis sun gwada mutum 28, rabi da ƙwaya rabi da tattaunawa, suka tarar munanan tunane-tunanen nan sun ragu kusan daidai wa daida a ɓangarorin biyu. Wanda bai taɓa zama an koya masa komai ba, ƙwaya kawai ya haɗiya, shi ma takardarsa ta yi fes. Ashe waɗannan ma'aunai ma ciwon su ke aunawa, sun dai sake riga ne. Baƙin tunani yana tafiya da ciwon kamar yadda zafin jiki ya ke tafiya da zazzaɓi. Ta kowace hanya aka kori zazzaɓin, jiki zai yi sanyi.

A daidai wannan lokaci akwai waɗansu masanan a can ɗaya gefen Amurka, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da suka biyo wa maganar ta wata hanya dabam. Su ba marasa lafiya ne a gabansu ba, mutanen gari ne masu fama da wahalar yau da kullum. Jagoransu Richard Lazarus tun 1966 ya rubuta littafi kan yadda ɗan Adam ya ke jure matsi. A 1980 shi da Susan Folkman suka fito da jerin abubuwa 68 da mutum kan yi in ya shiga ƙunci. Suka bi mutum 100 'yan shekara 45 zuwa 64 har tsawon shekara guda, suka tara labaran matsaloli 1,332. Sun raba juriya gida biyu: wadda ta fuskanci matsalar don a warware ta, da wadda ta fuskanci zuciya don a sanyaya ta. Abin da suka gano shi ne a cikin kashi 98 bisa 100 na labaran, mutane sun haɗa duka biyun ne. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin ko a gidanmu wanda aka yi wa sata yakan yi salati ya kuma tafi wurin mai unguwa.

Daga nan jerin tambayoyi suka yi ta haihuwa. Wanda ya fi shahara shi ne na Charles Carver na Jami'ar Miyami da abokansa, na 1989, wanda ya gajarta a 1997 ya koma tambayoyi 28, bibbiyu ƙarƙashin kanu 14. Ya gwada gajeren ne kan mutanen da guguwar Andrew ta rushe wa gidaje a Fulorida a 1992, domin ya ga wanda ke tsaye kan kufan gidansa ba shi da haƙurin amsa doguwar takarda. A ciki akwai tsara mafita, da neman taimako, da barkwanci, da addini, da yarda da abin da ya faru, da ƙin yarda, da zargin kai, da sakin jiki a daina ƙoƙari. Zan dawo kan wannan takarda a gaba, domin a nan ne Hausa za ta shigo.

Masu maganin damuwa sun ari waɗannan takardu, amma ba a daɗe ba aka ga rauninsu. A 1996 James Coyne da Benjamin Gottlieb suka rubuta suka mai zafi, suna cewa ƙirga sau nawa mutum ya yi abu ba ya nuna ko ya yi shi da kyau, ko a lokacin da ya dace. Wanda ya ce kullum yana neman shawara, wataƙila ya iya neman shawara ne, wataƙila kuma ya addabi 'yan'uwansa ne har sun fara ɓuya in sun hango shi. A takarda makinsu ɗaya. Sa'an nan a 1998 Arthur Stone da abokan aikinsa a jihar New York suka yi wani gwaji mai ban sha'awa. Suka ba mutane 'yar ƙaramar kwamfuta ta aljihu wadda ke ƙara kusan kowane minti 40 har kwana biyu, duk sa'ad da ta yi ƙara mutum ya faɗi abin da ya ke yi game da damuwarsa a lokacin. Bayan kwana biyun sai aka ba su takarda su tuna abin da suka yi. Kusan kashi 30 bisa 100 sun manta abubuwan da su da kansu suka ce sun yi, kamar wannan adadi kuma suka faɗi abubuwan da ba su taɓa ambata ba. An fi manta aikin zuci, an fi ƙara wa aikin gaɓɓai gishiri. Kwana biyu ke nan kacal, kuma waɗannan mutane ne masu lafiya. Ina ga wanda ciwonsa ma shi ne ganin bai taɓa yin abin kirki ba?

Yanzu mun zo wurin da na fi so a cikin tarihin nan. A 1989 Jacques Barber da Robert DeRubeis, su ma na Jami'ar Fensilbaniya, suka rubuta wata maƙala inda suka ce ana neman abin a inda ba ya nan. A ganinsu, cikin 'yan watannin da a ke zama da majinyaci ba lalle ne a tumɓuke baƙin tunani daga saiwa ba. Tunanin farko zai ci gaba da faɗowa. Abin da majinyaci ya ke koya shi ne abin da zai yi bayan ya faɗo, watau tunani na biyu. In kuwa haka ne, tambayar mutum ko baƙin tunani yana zuwar masa ba ta da wani amfani. Sai dai a miƙa masa baƙin tunanin a hannu a ga yadda zai yi da shi.

Haka kuwa suka yi a 1992. Ma'aunin da suka fito da shi ba akwatunan sa alama ba ne. Ana ba mutum 'yan gajerun labarai na ɓacin rai, a ce ya ɗauka shi abin ya sama, a kuma ba shi tunanin farko da zai iya faɗo masa. Bari in ƙago misali irin namu don a gane. A ce ka kwana uku kana rubuta jinga, malam ya dawo maka da ita duk jan biro, ya ba ka maki mafi ƙanƙanta a aji, sai zuciyarka ta ce, kai dai ba ka cancanci zama a jami'a ba. To, daga nan sai me? Me za ka ce wa kanka, me kuma za ka yi? Mutum zai rubuta amsa da kalmominsa. Wani zai ce, gaskiya ne, dama na sani, gara in tattara in koma gida. Wani zai ce, wannan jinga ɗaya ce, a zangon da ya wuce na ci biyu, bari in je ofishin malam in ji inda na kauce. Sai waɗansu mutane da aka horar, waɗanda ba su san mai amsar ba, su bi rubutun jimla jimla suna rarrabewa, wannan dabara ce mai ɗagawa, wannan mai nutsarwa ce, su kuma kimanta ko amsar gaba ɗaya za ta iya sanyaya zuciyar mutum. Duk wanda ya taɓa zana jarrabawa ya san bambancin a tambaye ka ko ka iya nahawu da a ba ka jimla a ce ka feɗe ta.

An ɗan jima kafin wannan mudu ya nuna amfaninsa. A 2005 DeRubeis da Hollon suka buga sakamakon wani babban gwaji na mutum 240 masu ciwo matsakaici zuwa mai tsanani, a Filadelfiya da Nashville. Bayan mako 16, kashi 58 bisa 100 sun sami sauƙi a ɓangaren ƙwaya, haka nan kashi 58 a ɓangaren tattaunawa. Sai aka bi waɗanda suka sami sauƙin har shekara guda. A cikin waɗanda aka janye wa ƙwaya aka musanya ta da wadda ba magani cikinta, ciwon ya dawo wa kashi 76. A cikin waɗanda suka ci gaba da shan ƙwayar, kashi 47. A cikin waɗanda suka gama tattaunawa aka sallame su, kashi 31. A 2007 Daniel Strunk da DeRubeis suka koma kan mutum 35 daga cikin waɗanda tattaunawa ta yi wa amfani, suka duba amsoshinsu na labaran nan, suka kuma saurari faya-fayan zaman da aka yi da su don a ji wa ke amfani da dabarun da kansa ba sai an ja shi ba. Waɗanda suka fi iyawa, su ne ciwon ya fi ƙyalewa cikin shekarar da ta biyo, ko da an cire bambancin nauyin ciwon da ya rage musu ranar sallama. Mutum 35 ba yawa ba ne, kada mu yi saurin buga tambari. Amma ga mutum biyu da takardar ciwo za ta ba maki ɗaya, wani mudun ya iya raba su. Da na karanta wannan sai na ajiye littafin na yi shiru, don Yaya ce ta faɗo mini a rai.

Sai dai kowane alheri da kuɗinsa. Wannan awo yana cin lokaci, yana bukatar masu duba amsa da aka horar, asibitin da layi ya kai bakin ƙofa kuwa ba shi da wannan sarari. Saboda haka aka sake komawa gajerun takardu. A 2011 Robin Jarrett da abokan aikinta a birnin Dallas suka fito da mai tambayoyi 8 kacal, iri biyu, ɗaya majinyaci ya cika, ɗaya mai yi masa magani ko wani mai sa ido ya cika, don a gwama. Strunk ma ya fito da nasa a 2014. Sun fi sauƙin aiki, ba shakka, amma a ganina tsohuwar matsalar ta biyo su ta taga. Wanda ya fara jin sauƙi zai ce ya iya dabaru, wanda ke cikin duhu zai ce bai iya komai ba ko da ya iya. Dabara ce ta kawo sauƙi, ko sauƙi ne ya sa aka ga dabara? Hanyar da masu bincike su ke bi ita ce a yi awo sau da yawa a jere, a ga wanne ya riga wanne motsawa.

Akwai ma wata rigimar, ta wace dabara ce ya kamata a auna. A 1996 Neil Jacobson na birnin Seattle ya raba hanyar Beck gunduwa-gunduwa ya gwada kan mutum 150. Waɗanda aka koya wa abu ɗaya tak, watau su tashi su koma ayyukan da suka bari ko zuciya ba ta so, sun sami sauƙi daidai da waɗanda aka ba cikakken darasi har da tuhumar tunani. In haka ne, wataƙila ɗaga labule a fita tsakar gida shi ma dabara ce da ta cancanci maki.

Mai karatu zai lura yawancin sunayen da na jero na Amurka ne da Ingila. Haka tarihin ya ke, ba ni na zaɓa ba. Mu a nahiyar nan sai da aka fara gardama ma kan ko muna yin ciwon. A 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wani likitan mulkin mallaka da ya yi aiki a Kenya, J. C. Carothers, wanda ya ce da wuya a sami ciwon damuwa a wurin baƙar fata. Dokta Adeoye Lambo, wanda ya fara shirin jinyar masu taɓin hankali a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta a 1954, yana cikin waɗanda suka rushe wannan magana. Binciken da ya yi tare da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell, wanda aka buga a 1963, ya sami alamomin ciwon birjik a ƙasar Yarabawa, ko da ya ke mutanen ba su tara su ƙarƙashin suna guda ba. A Zimbabuwe kuwa, a 1997, Vikram Patel da abokan aikinsa ba su tsaya fassara takardar Turawa ba, sai suka tattaro kalmomin da masu jin harshen Shona su ke faɗa da bakinsu suka gina tambayoyi 14. Babbar kalmarsu ita ce kufungisisa, ma'anarta yawan tunani, daidai abin da aka riƙa cewa a gidanmu. Da wannan ma'auni aka gwada shirin Dokta Dixon Chibanda na zama kan benci a harabar asibiti, inda dattawan mata su ke koya wa mutane warware matsala mataki mataki. Gwajin mutum 573 da aka buga a 2016 ya nuna shirin yana aiki. Amma a lura, shi ma wannan mudun na nauyin ciwo ne.

To, a nan ne na ce ɗalibin Hausa yana da ta cewa, domin mudun nan da kalmomi aka sassaƙa shi. Na ɗauki takardar Carver mai tambayoyi 28 na ce bari in gwada mai da ita Hausa, don kaina kawai. Na tafi lafiya lau har na iso kanu biyu. Ɗaya yana nufin mutum ya karɓi abin da ya faru ya koyi zama da shi, wannan ana lissafa shi cikin dabaru masu amfani. Ɗayan yana nufin mutum ya saki, ya daina ƙoƙari, wannan kuwa yana cikin waɗanda aka fi gani tare da ciwo. Da na nemi yadda Bahaushe zai faɗi na farko da bakinsa, sai na ji: na haƙura. Da na nemi na biyu, sai na sake jin: na haƙura. Matar da mijinta ya rasu ta rungumi marayunta ta ci gaba da sana'a, ta haƙura. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa sau biyu ya tattara kayansa, shi ma ya haƙura. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya yi kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, ya sa haƙuri cikin manyan halayen da Hausawa su ke auna mutum da su. Gaskiyarsa. To, wa zai yarda ya sa alama a takarda cewa shi ba mai haƙuri ba ne?

Haka abin ya ke ga dangana, haka ga cewa na bar wa Allah. Wani ya faɗe ta ya sami natsuwar da zai tashi ya nemi mafita, wani ya faɗe ta ya juya fuska bango. Ko a Amurka ma Kenneth Pargament ya nuna tun 1988 cewa masu dogara da addini a lokacin ƙunci ba hanya ɗaya su ke bi ba, tambayoyi biyu ba su isa su rarrabe su ba. Karin maganarmu ma haka. In mutum ya ce wa kansa komai nisan dare gari zai waye, yana iya zama tunani na biyu ne sak irin wanda Barber da DeRubeis su ke nema, yana kuma iya zama abin da ya saba ji ne ana toshe masa baki da shi. Sai an ji abin da ya biyo bayan maganar. Don haka ni na fi karkata ga hanyar ba da labari a saurari amsa. Ta dace da mu, domin ba sai mutum ya iya karatu ba, da baka ma za a yi. Amma mai duba amsar dole ya zama mai kunnen Hausa, wanda zai ji haƙuri ya san wanne ne.

A hutun da ya wuce na ce bari in gwada abin a kan Yaya, ko da ya ke ni ba kowa ba ne a wannan fage. Ta koma asibiti tun tuni, ta kuma koma aiki. Na same ta tana tsince shinkafa, na ce, "Yaya, a ce kin gai da hedimasta da safe ya wuce bai amsa ba, sai zuciyarki ta ce miki ya tsane ki, ya gane ba ki iya aikin ba. Me za ki yi?"

Ta ce, "Sai in haƙura mana."

Na ce, "Wane irin haƙuri?"

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Auta, kai ma likitan ka zama?" Ta ci gaba da tsintarta, har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can sai ta ce, "Da a bara ne, sai in haƙura in ce kaina na ciwo, in dawo gida in kwanta. Yanzu kuwa sai in haƙura in gama darasina, in an fita tara in bi ta ofishinsa in sake gaishe shi in ga ko zai amsa. Wataƙila ma bai ji ba ne, mutumin da kullum rediyo na manne a kunnensa."

Har yanzu tana zuwa asibiti sau ɗaya a wata, ana kuma ba ta takardar nan mai tambayoyi tara. Zuwanta na ƙarshe ta sami 6.